Kuɗin jami'a a ƙauyukanmu na Jazira da Nilul Azraƙ: wa ke biya, me ake girba?

Duk shekarar da sakamakon shahada ya fito, gida iri biyu ake samu a ƙauyukanmu. Akwai gidan da yaro ya faɗi, a yi masa jaje, a ce Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, gobe ya saɓa fartanya ya bi babansa. Akwai kuma gidan da yaro ya ci. Nan mata za su yi guɗa, a raba dabino da alewa, maƙwabta su yi ta shigowa barka. Amma wannan gida na biyu shi ne ba a barci a cikinsa. Da baƙi sun watse uba zai zauna yana lissafi da yatsu, uwa kuwa ta riga ta fara duban turken awakinta, tana zaɓen wadda za ta fara tafiya kasuwa.

Ni ma ta wannan hanyar na bi. Ni ne na farko da ya taka jami'a a gidanmu, kuma yau duk yaron da ya ci a dangi, wayata ake fara kira. Tambayar da ake yi mini ba ta canzawa: nawa abin zai ci, kuma in an gama, zai mayar da kuɗin? Ba na iya amsawa a waya, don amsar tana da tsawo, kuma farkonta yana can baya tun kafin a haife mu.

Mutanenmu sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu hanyar Makka ce ta kawo su suka tsaya neman guzuri, tsayuwar ta zama zama. Wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo ragowar jama'a har bakin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, aka kafa Maiwurno. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe noman audugar Jazira, hannun kakanninmu na cikin hannayen da suka yi noma, suka yi shara, suka ciri audugar nan. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka samu hawasha da sunansu. Da yawa a kambo suka zauna, gefen tur'a, a ƙasar da ba tasu ba, ba makaranta, ba asibiti. Sannan ga dokar jinsiyya ta 1957, wadda ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke nan tun 31 ga Disamba 1897. Wanda ya taso bayan Burmi ka ga ya makara da shekara shida tun kafin ya ɗaura kaya. Sai dokar 1994 ce ta dawo da ma'aunin zuwa 1956.

Me ya haɗa wannan da kuɗin jami'a? Komai da komai. Domin akwai lokacin da karatun jami'a a Sudan kusan kyauta ne. Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902 ta zama Jami'ar Khartum a 1956, kuma waɗanda suka yi karatu a can a shekarun 1960 da 1970 har yau suna ba da labari: ɗakin kwana kyauta, abinci kyauta, har tikitin jirgin ƙasa na komawa gida hutu. Ɗan talaka in ya samu shiga, ya huta, ubansa ma ya huta. To a wannan zamanin mu ba mu a bakin ƙofar. Wanda ba shi da takardar jinsiyya, kuma babu ko firamare a kambonsu, ina shi ina Khartum? Kuma a faɗi gaskiya, dattawanmu ma ba su damu ba. Makarantar allo suka sani, suna ganin makarantar gwamnati hanyar lalacewar yaro ce, balle 'ya mace. An samu 'yan kaɗan da suka kutsa, amma kaɗan ɗin ne.

Sai 1990, gwamnatin Bashir ta shelanta abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. Jami'o'in da a da ake ƙirgawa da yatsun hannu suka bazu cikin jihohi. Ban da Jami'ar Jazira da ke Wad Madani tun 1975, sai ga jami'a a Sinnar, ga ta a Damazin, daga baya ga ta a Rufa'a da Manaƙil. Aka mayar da karatu cikin Larabci, wanda ya sauƙaƙa wa ɗan ƙauye da bai taɓa samun malamin Turanci na kirki ba. Wannan duk alheri ne a gare mu, ba na musu. Amma a tare da shi aka soke ciyarwa da kwana kyauta, aka miƙa ɗakunan kwana ga Sanduƙin kula da ɗalibai. Wato lokacin da ake rabon tuwo ba mu nan, ranar da muka iso aka ce kowa ya zo da kwanonsa da tuwonsa.

Daga nan kuma aka raba shiga jami'ar gwamnati gida biyu. Akwai ƙabul am, wanda makinka ne ke shigar da kai, kuɗinsa da ɗan dama-dama. Akwai ƙabul khas, inda in makinka bai kai ba aljihun babanka ya cike giɓin. Aji ɗaya, malami ɗaya, takarda ɗaya a ƙarshe. Likitanci a manyan jami'o'i sai mai sama da kashi 90 cikin 100 ke samun sa ta ƙabul am. Yanzu ka ɗauki yaron da ya yi sakandare a ƙauye, shekara guda ba malamin fiziya, yana karatu da fitilar waya bayan ya dawo daga ban ruwa, ka ce ya kara da ɗan Khartum da ke da malamin darasi na musamman a kowane fanni. Yaron nan in ya samu saba'in da wani abu ya yi bajinta. Amma saba'in ɗin ina za ta kai shi? Tarbiyya, adabi, tattalin arziki, irin kwalejojin da ake fita dubu-dubu ana neman aiki ɗaya. Akwai kujerun da ake ware wa jihohin da aka bari a baya, kuma 'ya'yanmu na Nilul Azraƙ sun amfana da su. Amma ɗan kambon Jazira a takarda ɗan jiha mai arziki ne, ko da ruwan tur'a yake sha.

Abin da iyaye ba su cika ganewa ba sai sun shiga shi ne, kuɗin rajista shi ne ƙaramin kaso. Sau ɗaya ake biyan sa a shekara, ana iya roƙo a raba shi. Wanda ke kashe mutum shi ne na kullum. Kuɗin mota. Kuɗin bosh, gurasar nan da ruwan ful da ɗalibai ke haɗa kuɗi su ci a kwano ɗaya. Kuɗin kwafar muzakkira, tunda littafi ba ya sayuwa. Sabulu, takalmi, kati a waya. In 'ya mace ce ƙari a kan haka, domin babu uban da zai yarda 'yarsa ta kwana inda ta ga dama, in ba a samu gado a dakhiliyya ba sai haya, ko kuma ta haƙura. Ga kuma kuɗin da ba a rubutawa: hannu guda da aka cire daga gona ko daga kwalekwale tsawon shekara huɗu zuwa shida.

Wa ke biya? A gidanmu ga yadda aka yi. Innata tana soya gyaɗa tana kuma dama godogodo, yara na kai mata kasuwa, kuma tana cikin adashi biyu. Duk kwasarta ta farkon shekara tawa ce. Yayana da nake bi ya bar makaranta a aji na ƙarshe na firamare, ya tafi Khartum yana gasa agashe a bakin titi, duk wata yana aiko mini da abin da ya samu. Shekarar da gona ta ƙi, Baba ya ci bashin shel, ya karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa tun dawa tana kore, ya biya da kaka a farashin da ɗan kasuwan ya yanka. Na samu kafalar ɗalibi, ina godiya, amma ba ta kai ni tsakiyar wata. Takardar digirin sunana kaɗai ta ɗauka. Da da adalci, da sunan mutum huɗu ke kanta, kuma na yayana ne a sama. Yau shi ne ke da gida da iyali a tsaye, ni ina binsa da takarda. Ba ya taɓa yi mini gori, wannan ne ma ya fi nauyi.

Kuma labarin gidanmu ba wani abin mamaki ba ne. Ka shiga kowace unguwa ka tambaya, bayan kowane ɗalibi akwai mai tuƙa raksha, ko wanda ya tafi haƙar zinariya arewa, ko wanda ke Saudiyya yana kiwo, ko uwa mai sayar da shayi. Kada kuma wani ya ɗauka maganar kuɗin rajista wasa ce. A Disamba 2012, a Wad Madani, ɗaliban Darfur na Jami'ar Jazira sun yi zaman dirshan kan yafe musu kuɗin karatu da yarjejeniyar zaman lafiya ta yi musu alkawari. Bayan an tarwatsa su, gawar huɗu daga cikinsu aka tsamo a tur'a. Su ma iyayensu sun yi guɗa ranar sakamako.

Duk wannan kafin kuɗin ƙasa ya narke ne. A Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kimanin 375 a dala ɗaya, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Jami'o'i da kansu suka rasa na alli, malamai suka shiga yajin aiki kan albashi, aka ɗaga kuɗin rajista ninkin-ba-ninkin. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu da buhunan gyaɗa ya tarar lissafin ya rushe tun a shekarar farko.

Lokaci ma ya zama kuɗi. Ka duba yaron da ya shiga jami'a a 2018. Zanga-zangar da ta kifar da Bashir ta rufe jami'o'i wata da watanni. An buɗe, korona ta zo a 2020. Aka yi juyin mulkin Oktoba 2021. In ɗan Nilul Azraƙ ne, a Yuli 2022 rikici ya tashi a Rusairis da Damazin da kewaye, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka kashe ɗaruruwan mutane, dubban mutanenmu suka gudu da kayan jikinsu. Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023. Dakarun RSF suka shiga Wad Madani a Disambar shekarar, suka kama Sinja a ƙarshen Yuni 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Madani kuma a Janairu 2025, amma harabobin jami'a an riga an wawashe su. Karatu ya koma waya, a ƙasar da aka ɗauke layi gaba ɗaya a Fabrairu 2024, sai ka biya mai Starlink kuɗin awa ka sauke lacca. Jarrabawa kuma a wata cibiya can Atbara ko Kasala ko Bur Sudan, wani lokaci ma Alƙahira. Mai hali ya hau mota ya je ya rubuta ya fita. Namu da yawa suna nan, karatun shekara huɗu ya haura bakwai, ba su fita ba, ba su kuma bari ba.

To yanzu ga tambaya ta biyu, wadda ta fi zafi. Kawuna, ƙanin innata, masunci ne, bai san boko ba amma ya san lissafi. Rannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, tsakani da Allah, albashinka na wata buhun dawa nawa yake saye?" Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Komata tana kawo wannan a sati in ruwa ya yi kyau. To don me zan cire ɗana daga ruwa?" Na ce, "Kawu, gaskiyarka." Domin gaskiyarsa ce. Kafin yaƙi dala tana wajen fam 600, tun cikin 2024 ta wuce 2,000 a kasuwar bayan fage, albashin malamin makaranta kuwa bai bi ta ba, in ma an biya. Bayan digiri akwai hidimar ƙasa, bayan ita akwai layin neman aikin gwamnati, inda kowa ya san wanda ya san wani ya fi mai maki. Masu digiri nawa ne ke tuƙa raksha a Sinnar da Damazin? Duk wanda ya ce maka digiri zai mayar da kuɗinsa ta hanyar albashin gwamnati a Sudan ta yau, ko bai sani ba, ko yaudararka yake.

Amma akwai abin da na gani da idona da ya hana ni yarda da Kawu har ƙarshe. Ranar gudu, kwalekwale ba ya shiga mota. Gonar bakin kogi ba ta ɗaukuwa, awaki a hanya ake kwace su. A 2022 da kuma 2023 na ga mutanen da suka tara dukiyar shekara talatin sun wayi gari a ajin wata makaranta suna jiran a raba musu abinci. A cikin masu gudun nan akwai wata 'yar baffana da ta karanta aikin jinya. Ba ta fita da komai ba sai mayafinta da hoton takardarta a waya. Kafin wata biyu ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti a gabas, kuma ita ta riƙe mutum goma sha ɗaya har aka dawo. Haka wani yaro da ya yi difloma a aikin gwajin jini, haka wani mai difloma a lantarki da ya koma haɗa wa mutane sola. Mutanen da aka hana su hawasha shekara ɗari, kuma har yau ake tambayar su asalinsu duk ranar da rikici ya tashi, dole su yi tunanin irin dukiyar da ake iya gudu da ita.

Akwai kuma wani amfanin da ba ya shiga aljihu. Rikicin 2022 kan ƙasa da sarauta ya taso, kuma irin wannan magana a ofis da kotu da talabijin ake yanke ta. Ranar nan mun ga amfanin kowane lauya da kowane ɗan jarida da muke da shi, mun kuma ga ƙarancinsu. Shekaru da yawa baƙi ne ke rubuta labarinmu: Mark Duffield ya fitar da littafinsa kan Maiwurno a 1981, Bawa Yamba ya fitar da nasa kan Hausawan Jazira a 1995. Amma littafin da ya bi diddigin yadda Hausarmu ta Sudan ta cuɗanya da Larabci, wanda ya fito a 1999, ɗan Maiwurno ne ya rubuta shi, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum. Wannan ba abu ne da za ka auna da buhun dawa ba.

Wani abin da ke ba ni dariya mai ciwo: shekara da shekaru 'yan'uwanmu daga Kano da Sakkwato da Jigawa ke zuwa Sudan karatun likitanci da harhaɗa magani, wasu da kuɗin iyaye, wasu da na gwamnatocin jihohinsu, a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauransu. Dala suke biya. Sai su fito cin agashe su ji mai gashin yana Hausa, su yi ta murna. Mai gashin nan wataƙila ya fi su maki a zamaninsa. Da yaƙi ya tashi a 2023 an kwashe su ta Masar da Bur Sudan, kuma a 2024 Najeriya ta fara ba ɗalibanta bashin karatu marar ruwa ta asusun NELFUND. Mu nan babu wanda zai kwashe mu, kuma ban ga alamar gwamnatin da ke yaƙi za ta buɗe mana irin wannan asusu kwanan nan ba. Diwanin Zakka yana taimakawa, amma bakunan da ke gabansa yau sun fi ƙarfin ajiyarsa.

Saboda haka amsar da nake ba iyaye yanzu ta canza daga "a tura shi kawai" zuwa "mu zauna mu yi lissafi". Ba kowane digiri ne ya cancanci a sayar masa da akuya ba. Yaron da makinsa ba zai kai shi ko'ina ba sai kwalejin da ba ya so, ba ta kuma da kasuwa, difloma ta shekara uku a jinya, ko gwajin jini, ko lantarki, ko aikin ban ruwa ta fi masa, ko da ba za a kira shi da babban suna a wurin biki ba. Wanda ke da kai da gaske kuwa, zunubi ne a bar shi a kan wuyan uwarsa ita kaɗai. Kuma 'ya'ya mata, abin da na lura shi ne kuɗin da aka kashe musu ya fi dawowa gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun iya haɗa kuɗin aure, mun iya na makoki, kakanninmu sun yi shekara ashirin suna tara na hajji kwabo-kwabo. Na karatu ne kawai muka bar wa kowa da Allahnsa. A garinmu an taɓa gwada asusun ɗalibai sau biyu, duk biyun suka mutu, na farko a hannun ma'aji, na biyu kan zargin an fifita 'ya'yan wasu. Bana mun sake tayar da shi, da sharuɗɗa. Kowane gida mudu kaza da kaka, na waje su turo ta Bankak. Ma'aji uku, ɗaya mace. Ana karanta littafin lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Bashi ne ba kyauta ba, babu ruwa, kuma da buhu ake rubuta shi ba da fam ba, don kada wanda ya karɓi kuɗin rago ya dawo da na kaza. Wanda ya fita ya samu aiki ya ɗauki na bayansa.

Lokaci kuwa ba ya jiran mu. Jarrabawar shahadar 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 aka samu rubuta ta, ta 'yan bayansu kuma a tsakiyar 2025, wato ɗiba biyu suka fito kusan a tare, a kan gidajen da ko rufin ɗaki ba su gama mayarwa ba. Abin da muka tara zuwa yanzu mutum ɗaya zai ɗauka. Masu nema bakwai ne, an tace saura biyu: yarinya marainiya da ta samu jinya, da yaro ɗan masunci da ya samu injiniya da makin da ba a taɓa gani ba a garin. Mun yi zama biyu ba mu daidaita ba. Dattawa suna wajen yaron, mata sun ce in ba yarinyar ba su daina zubi. Liman ya ce a ɗage zuwa bayan yankan riɗi, ko Allah Zai sa a samu na mutum biyu. Rajista kuwa ana rufe ta kafin nan.